FARAUTAR RANI: YI LISSAFI KAFIN KA ƊAURA WA JAKI KAYA

Hatsi ya shiga rumbu, an tattara wake, an ɗora harawa bisa itace. Yanzu hannu ya samu sarari. Wasu sun ɗaure kaya sun tafi cin rani. Wasu sun koma aikin rijiya da garka. Wasu kuma, musamman samari, idonsu yana daji. Da dare a dandali ba ka jin komi sai zancen farauta: ina za a nufa bana, wa zai bi, kwana nawa za a yi.

Kai da ka sauke karatun yaƙi da jahilci, da kai muke magana yau. Ka iya rubutu, ka iya lissafi. Idan abokanka sun shirya tafiya farauta nesa da gida, ba tare da wani jagora na haya ba, kai ne ya kamata ka ɗauki alƙalami. Tafiyar farauta tana iya zama mai araha. Tana kuma iya cinye rabin rumbu, ko ta kai mutum kaso, ko ta hana shi komowa gida. Bambancin duka yana cikin shirin da aka yi tun a zaure. Ba a fafe gora ranar tafiya.

DAJIN JIYA DA DAJIN YAU

Tsofaffinmu ba ƙarya suke ba in sun ce Damargu ƙasar nama ce. A farkon shekarar 1851 wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutane suka sani da Abdul Karim, ya ratsa Damargu tare da ayarin Abzinawa. Ya tarar ƙasarmu ita ce rumbun da ke ciyar da Abzin. A zamanin nan kuma, ban da hatsi, Damargu ta yi suna da gashin jimina. Mahalba suna kawowa, fatake suna saye a kasuwanni irin su Jajiduna, raƙuma suna ɗauka har Tarabulus, daga can sai Turai. Wannan ciniki ya mutu tun farkon ƙarni na 20.

To, yau fa? Tambayi yaronka ko ya taɓa ganin jimina tana gudu a dajin Tanut ko na Tarka. Jiminar da ta rage a ƙasar nan ana kiwonta ne cikin shinge, kamar a Kelle ta ƙasar Gure, don kada irinta ya ɓace. Mariri, mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi, ya ƙare ƙarƙaf. A shekarar 2000 masana suka bayyana cewa babu sauran ko ɗaya a dajin duniya. Sai a 2016 aka fara maido da shi dajin Cadi, daga cikin waɗanda aka kiwata a killace a ƙasashen waje. Mena, wadda 'yan ƙwallon ƙasarmu suka ɗauki sunanta, ta koma 'yar kaɗan a duwatsun Tarmit da Abzin.

Mi ya kawo haka? Fari na 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa. Gonaki sun yi yawa, sun hau arewa. Rijiyoyi sun shiga inda da babu kowa sai namun daji. Sa'an nan bindiga da mota suka zo. Barewa tana tsere wa doki, amma ba ta tsere wa mota. Har manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa sun riƙa zuwa da jerin motoci da shahuna suna kama tuje a arewa.

Dalilin wannan tarihi shi ne ka san abu guda. Wanda ya ce maka, mu yi nisa, can arewa nama yana nan birjik, labarin kakansa yake ba ka. Nisa yau ba ya ƙara nama. Wahala da kashe kuɗi kawai yake ƙarawa.

ABIN DA DOKA TA CE

Shekaru masu yawa farauta tana haramce a duk faɗin Nijar. Daga baya aka kafa doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kiyaye namun daji. Ga kaɗan daga cikin abin da ta shimfiɗa. Karanta wa abokanka da babbar murya.

Ba a farauta sai da takardar izini. Takardun iri-iri ne, akwai kuma wadda aka tanada don farautar gargajiya.

Ba a farauta sai cikin lokacin da hukuma ta buɗe. Hukuma ce ke sanar da ranar buɗewa da ta rufewa.

An hana farauta da dare, da fitila ko babu fitila.

An hana bin dabba da mota ko babur.

An hana kora da wuta, da raga, da rami.

An hana guba, da abin fashewa, da bindigar yaƙi.

Akwai dabbobin da ba a taɓa su ko kaɗan, ko da mutum yana da takarda. Mena tana ciki, da jimina, da mariri, da raƙumin dawa, da farar dabbar rairayin nan ta Tarmit da ake kira adaks.

Wanda ya karya doka, tara tana jiransa, ko kaso, ko duka biyu. Ana kuma karɓe makaminsa da naman da ya kashe.

Saboda haka tafiyarka ta farko ba daji ba ce. Biron ma'aikatan gandun daji ne, a Tanut ko a Belbeji. Je ka da mutum ɗaya cikin abokanka. Tambaye su abu huɗu, ka rubuta amsa a littafinka. An buɗe farauta bana? Daga yaushe zuwa yaushe? Wace dabba aka yarda, wace aka hana? Nawa ne kuɗin takarda? In ka biya, karɓi rasit. In an ce bana a rufe take, to magana ta ƙare, kowa ya rataye kwarinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai bindiga kuma ya sani takardar farauta daban, takardar riƙe bindiga daban. Ko adaka ce. Zamanin nan ba na wasa ba ne. Ƙungiyar mutane da bindigogi a tsakiyar daji, jami'an tsaro suna iya ɗaukarsu ɓarayi tun daga nesa, kafin a tambayi sunan kowa.

INA ZA A NUFA?

Tafiyar farauta iri uku ce. Auna su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce ta yini. Ku fita da asuba, ku bi saura da fadama da gefen gonakin garinku ko na maƙwabta, ku komo kafin magariba. Guzurinta fura a gora da ruwa a salka. Abin da ake samu zomo ne, da zabin daji, da fakara, da kurciya, da kurege. Ba ta cin kuɗi. In ba a samu komi ba, ba a yi hasarar komi ba sai tafin ƙafa.

Ta biyu ita ce ta kwana 2 zuwa 4. Mutanen Gangara su nufi wajen kwarin Tarka, ko na Olelewa su gangara wajen wani gari da suke da dangi. Wannan ita ce ta fi dacewa da wanda ke son fita nesa da gida da kuɗi kaɗan. Sharaɗinta guda: ku sami masauki. Zaɓi wurin da kake da ƙanwa da ke aure, ko aboki na kasuwa, ko wani da kuka yi cin rani tare. Mai masauki ya san rijiya. Ya san inda zabi ke kwana. Ya san gonar wanda ba ya son a taka. Shi ne jagoranka, ba tare da ka biya ko dala ba. Kai ma wata shekara kai ne mai masaukinsa.

Ta uku ita ce ta nesa, can cikin dajin makiyaya, bayan Tenhiya ko arewacin Belbeji, inda sai an yi hayar mota ko babura. Wannan ita ce mai tsada. Kuɗin mai, kuɗin haya, kuɗin gyaran taya. Kuma da ma doka ta hana bin dabba da mota. Dabbobin da suka saura can, yawancinsu waɗanda aka hana ne. Ka ga ke nan za ka biya kuɗi mai yawa don ka je ka sayi laifi. Wannan tafiya ba ta manomi ba ce.

Akwai kuma wuraren da aka keɓe, waɗanda ba a shiga da makami sam. Yamma da Belbeji, cikin jihar Maradi, akwai gandun Gadabeji. Tun 1955 aka keɓe shi, faɗinsa hekta 76,000. A 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga wajen Kure, kusa da Yamai, aka sake su can, bayan shekaru masu yawa babu ko ɗaya a yankin. Gabas kuma akwai gandun Tarmit da Tin Tuma, wanda aka kafa a 2012. Yana cikin mafi girma a duk Afirka. Daji ba shi da katanga. Baƙo yana iya shiga gandu bai sani ba. Rashin sani kuwa ba ya fid da mutum gaban alƙali. Tambayi iyaka tun kana gari.

ƊAUKI ALƘALAMI

Yanzu mu yi lissafi tare. A ce ku 5 ne, za ku yi kwana 4.

Fara da ruwa. Mai tafiya cikin rana kada a ƙiyasta masa ƙasa da lita 5 a yini, in zafi ya shigo ma ya fi haka. Mutum 5 sau lita 5, lita 25 ke nan. Wato bido guda babba kowace rana. Ba mu sa na dafuwa ba, ba mu sa na karnuka ba, ba mu sa na jaki ba. Jaki guda, in an ɗora masa bido 2 da guzuri, ya yi kaya. Bido 2 kuwa ruwan kwana 2 ne. Mi wannan lissafi ya gaya maka? Kada ku wuce tafiyar yini guda daga rijiyar da kuka tabbata tana da ruwa. Yini guda zuwa, yini guda komowa. Kada ku dogara da tabkin da wani ya gani wata 2 da suka wuce. Tabki yana ƙafewa ba ya aiko da saƙo.

Sai abinci. A ce kuna cin tiya 1 da rabi ta hatsi a yini. Cikin kwana 4, tiya 6 ke nan. Rubuta kuɗin tiya yadda take a kasuwar Bakin Birji ko ta garinku a wannan mako. Ƙara sukari da shayi, da gishiri, da ƙuli-ƙuli, da ashana. Ƙara kuɗin takarda. Ƙara goron mai gari da tsarabar mai masauki. In da mai bindiga, ƙara albarushi. In za ku hau motar kasuwa wani yanki na hanya, ƙara kuɗin mota zuwa da komowa. Ka tara duka a gefen dama na takarda.

A gefen hagu rubuta abin da kuke tsammanin samu. Kada ka rubuta mafarki. Tambayi waɗanda suka je bara, zomo nawa suka kawo, zabi nawa. Rubuta kuɗinsu yadda ake sayarwa a kasuwa.

Akwai abu na uku da mutane ke mantawa: aikin da ka bari a gida. Kwana 4 ɗin nan da ka yi su kana tara ciyawa, ko kai taki gona, ko haƙa ramukan riƙe ruwa a faƙo, ko buga tubali, nawa za su kawo? Shi ma rubuta shi a gefen dama.

Yanzu duba gefen biyu. In dama ta rinjayi hagu da nisa, ka san ba neman nama za ka ba, yawon buɗe ido za ka. Wannan ba laifi ba ne in kana da hali. Amma kada ka ɗebi hatsin da iyali za su ci cikin watan bakwai don shi. Kada ka ci bashi. Kada ka sayar da akuyar matarka. Ka tuna yadda tiya ke tsada in damana ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, ga noma a gaba.

Malamai ma sun yi magana a kai. A littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, farauta don abinci halal ce, farauta don wasa kawai abin ƙi ce. Tambayi limaminku ya ƙara maka bayani, har da yadda ake ambaton sunan Allah wajen sakin kare ko kibiya.

ABOKAN TAFIYA DA MASU DAJI

Mutum ɗaya ba ya tafiya. Taron mutum 40 kuma ba farauta ba ce, rigima ce. Kowa ya san yadda babbar farauta ke ƙarewa in garuruwa biyu sun haɗu kan zomo guda: wannan ya ce karensa ya kama, wancan ya ce sandarsa ta buga, sai a zare wuƙa. Zomo guda bai kai kuɗin ɗinki a likita ba. Mutum 4 zuwa 6 sun isa. A cikinku a samu dattijo guda wanda ya san daji, kowa yana jin maganarsa. In garinku da sarkin baka, ku je ku gaishe shi, ku nemi shawararsa. Mai saurin fushi da mai shaye-shaye, a bar su gida.

Ku yanke maganar rabo tun kafin ku fita. Mai kare nawa ne nasa, mai jaki nawa, wanda ya fara bugu mi zai ɗauka. Kai mai alƙalami, rubuta, ka karanta musu, kowa ya ce ya yarda.

Ku gaya wa mai garinku inda za ku da ranar komowa. In kwana guda ya wuce ba a gan ku ba, a san inda za a nufa. Kada ku dogara da salula. Rezo yana ƙarewa, batir yana mutuwa.

Daji kuwa ba na banza ba ne, da masu shi. In kun isa, ku fara da ƙofar mai gari. In rugar Fulani ce ku gaida arɗo, in zangon Buzaye ne ku gaida babbansu. Ku faɗi ko ku su wane ne, daga ina, kwana nawa za ku yi. Rijiyar makiyayi da guminsa ya haƙa ta. Roƙa kafin ka zura guga, ka jira dabbobinsa su sha. Ku ɗaure karnuka in kun kusanci garke. Karen da ya yaga ɗan tunkiya ya ja muku biyan da ya fi duk naman da za ku samu.

WUTA

Wannan ita ce babbar magana. Ciyawar da ta bushe a dajin Tanut da Belbeji ita ce rumbun makiyayi. Da ita shanunsa za su kai damana, da naka shanun da ka ba shi kiwo. Kowace shekara gobarar daji tana cinye makiyaya a yankinmu, ana kashe kuɗi da ƙarfi wajen share hanyoyin tare wuta. Sau da yawa mafarin gobarar ƙaramin abu ne: garwashin shayi, guntun taba, ko wanda ya cusa wuta a rami don ya fid da kurege.

In za ku hura wuta, ku share ƙasa taki 5 ko fiye ta kowane gefe. Ku haƙa rami ku hura a ciki. In iskar hunturu ta taso da ƙarfi, ku haƙura da shayi. Kafin ku tashi ku rufe toka da rairayi, ku taka, ku sa hannu ku ji ta yi sanyi. Wanda ya tada gobara, ba shi kaɗai zai biya ba. Sunan garinsa duka ya ɓaci, rijiyar da aka ba shi ruwa bana ba za a ba ɗansa baɗi ba.

LAFIYA

Sa takalmi mai rufi. Kada ka zura hannu a rami ko kogon itace. Kububuwa da kasa da kunama nan suke fakewa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗora shi kan jaki ko amalanke, a kai shi likita mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Tun kafin ku fita ku san wane gari ne ke da likita a hanyarku. Wannan ma dalili ne na ƙin yin nisa.

Dabbar da ka tarar ta mutu da kanta, ko tsuntsun da ke layi ba ya iya tashi, kada ka ɗauka. Ka tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006. Cutar daji tana iya bin ka har akurkin matarka. In dila ko kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, a tafi likita ko da ciwon ƙarami ne.

Naman da aka samu a feɗe shi nan take, a ƙyafe ko a shanya. A dafa shi ya nuna sarai kafin a ci.

ABIN DA ZA KA BARI

Mahalban da sun san ƙa'ida. A wasu ƙasashen Hausa, kamar Arewa da Adar, ba a fara farauta sai an yi buɗin daji. Kafin nan daji a rufe yake, dabbobi suna hayayyafa. Mu ma mu riƙe wannan hankali.

Kada ka kashe mai ciki, ko mai shayarwa, ko 'ya'ya. Kada ka kwashe ƙwan zabuwar daji. In ka ga garken zabi, ɗauki kaɗan ka bar saura. Barewa da tuje sun yi ƙaranci, shawararmu ka bar su su wuce. Ka sani kuma wasu namun daji ma'aikatanka ne da ba ka biya. Zabi da tuje suna cin fara. Yanyawa da mujiya suna cin ɓerayen da ke tone iri bayan shuka. Duk wanda ya ƙarar da su, ya buɗe wa maƙiyan gonarsa ƙofa.

TAMBAYOYI DON ZAURE

In kun taru sauraren rediyo, ko a ajin karatu, ku tattauna waɗannan:

1. Waɗanne namun daji ne tsofaffin garinku suka sani waɗanda yanzu babu? Ku rubuta sunayensu.

2. Farautar bara, nawa aka kashe, mi aka samu?

3. Wace rijiya ce ta fi nisa da kuka tabbata tana da ruwa cikin rani?

4. Akwai wani yanki na dajin garinku da za ku yarda ku rufe shekara 2 ko 3, a ga ko zabi da zomo za su dawo?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan ya miƙa ta gaba.

Allah ya kai mai tafiya lafiya, ya maido shi lafiya. Allah ya kai mu damana da rai da hatsi a rumbu. Amin.